Nazarin Lamari: Aji Biyu Masu Matsakaicin Maki Ɗaya, da Abin da Zanen Ɗigo Ya Fito da Shi

Yadda abin yake tun farko

Malamin da wannan nazari ya shafa yana koyar da lissafi a wata makarantar sakandare, shekararsa ta uku ke nan a bakin aiki. A zangon da ake magana a kai an ba shi aji biyu na 'yan shekara 12 zuwa 13, ajin A da ajin B, kowanne da ɗalibai 20. Manhaja ɗaya, littafi ɗaya, darasi biyar a mako, kowane darasi minti 40. Abin da ya koyar a ajin A da safe, shi yake maimaitawa a ajin B bayan an dawo daga hutu. Teburina yana kusa da nasa a ɗakin malamai, kuma da izininsa na kwafi makin da za a gani a nan, ba tare da sunan kowane yaro ba.

Tsarin makarantar shi ne, bayan kowane gwaji malami zai cike fom, layi ɗaya ga kowane aji: yawan ɗalibai da matsakaicin maki. Matsakaici kuwa shi ne a tara makin kowa a raba da yawan ɗaliban. Idan ya kai 10 cikin 20, an ɗauka aji ya fahimta, sai a wuce gaba.

Mako na 4: gwajin farko

Makonni huɗun farko an yi su ne a kan lissafin ɓangare, wato su rabi da sulusi da rubu'i, yadda ake tara su da yadda ake ɗebe wani daga wani. Ranar Juma'ar mako na 4 ya ba azuzuwan biyu gwaji iri ɗaya, tambaya 20, kowace maki 1.

Takardu 40 ɗin ya haɗa su wuri ɗaya, ya duba su cikin dare uku, sannan ya shigar da makin a rajista bisa jerin sunaye. Jimillar ajin A ta kama 240, ta ajin B ita ma 240. Aka raba da 20, kowane aji ya tashi da 12. Ya ga ƙananan maki jefi-jefi yayin da yake dubawa, amma ya ce a ransa babu ajin da yake rasa irinsu. Ya cike fom, aka sa hannu, ranar Litinin ya shiga babi na gaba, kaso cikin ɗari.

Mako na 5 da na 6: alamun farko

A ajin A komai ya tafi daidai. Idan ya rubuta a allo cewa a nemo kashi 25 cikin 100 na 60, sai kawuna su sunkuya, bayan kamar minti biyar hannuwa su fara tashi kusan tare.

A ajin B tambayar ɗaya ce, amma ajin sai ya rabu. Wasu cikin minti biyu sun rubuta 15, sun rufe littafi, sun juya suna hira. Wasu kuma za su kwafi tambayar da kyakkyawan rubutu, su ja layi da rula a ƙarƙashinta, su rubuta kwanan wata, shi ke nan alƙalami ya tsaya. Ya taɓa tsayawa a kan wata yarinya da ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa ta goge, har takardar ta huje. Da ya tambaye ta inda ta maƙale, sai ta ce, "Malam, ban san ta inda zan fara ba."

Ya dawo ɗakin malamai ya buɗe rajista ya sake tara makin, ko an samu kuskure. Ba a samu ba. 12 da 12.

Mako na 6 da na 7: an rage gudu ga kowa

Matakin farko da ya ɗauka shi ne dakatar da sabon babi a ajin B, ya koma lissafin ɓangare da ajin gaba ɗaya. Darasi goma ya kashe a kan haka. Ya sake bayanin yadda ake daidaita lambobin ƙasa kafin a tara, ya yi misalai a allo, ya ba da aikin gida.

Waɗanda suka iya tun farko sun gaji, surutu ya ƙaru, biyu daga cikinsu har suka tambaye shi dalilin da ya sa ajin A ya wuce su. Waɗanda ba su iya ba suna kwafe misalan allo tsaf, amma da zarar an canza lambobi sai su koma inda suke. Hannuwan da ke tashi a darasi na goma su ne dai waɗanda suka tashi a na farko. Ajin B ya zama yana bayan ajin A da mako biyu a manhaja.

Ƙarshen mako na 7: wurin shugabar sashe

Ya kai maganar gaban shugabar sashen lissafi, malama ce da ta daɗe a aikin. Don ya nuna mata ruɗanin da yake ciki, ya zana sanduna biyu a takarda, ɗaya ta ajin A, ɗaya ta ajin B, duk tsayinsu 12.

Ta duba ta ce, "Malam, ka nemi makin tsakiya?"

Ya ce, "A'a, ranki ya daɗe, matsakaici kawai fom ke nema."

Makin tsakiya ana samun sa ne idan aka jera maki daga ƙarami zuwa babba aka ɗauki wanda ya faɗo a tsakiyar jerin. Tunda ɗalibai 20 ne, sai a ɗauki na 10 da na 11 a raba tsakaninsu. Nan take suka lissafa. Ajin A: 12 da 12, makin tsakiya 12. Ajin B: 14 da 15, makin tsakiya 14.5.

Sai abin ya ƙara rikicewa. Matsakaici ya ce azuzuwan daidai suke. Makin tsakiya ya ce ajin B ya ma fi. Shi kuma abin da yake gani da idonsa kullum ya ce ajin B ne ke cikin matsala.

Shugabar ta ce masa idan matsakaici da makin tsakiya suka yi hannun riga haka, alama ce makin ba a dunƙule suke wuri ɗaya ba, don haka ya daina taƙaita su, ya zana kowane yaro a ga inda ya tsaya. Ta ba shi labarin Francis Anscombe, masanin ƙididdiga ɗan Ingila, wanda a 1973 ya tsara rukunin alƙaluma huɗu, kowanne mai ɗigo 11, waɗanda matsakaicinsu da sauran ma'aunansu suka zo kusan iri ɗaya, amma da aka zana su babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Ta ce ya je ya yi zanen ɗigo: a ja layin lambobi, kowane ɗalibi a sa masa ɗigo ɗaya a kan makinsa, idan biyu ko uku suka sami maki ɗaya a ɗora ɗigonsu wani kan wani.

Litinin, mako na 8: zanen farko

Ya yi zanen a ƙarshen mako, kowane aji a takardarsa. Na gan su da idona ranar Litinin, kuma a gaskiya ban ga wani bambanci mai yawa ba. Dukkansu ɗigo ne shimfiɗe daga wannan gefen takarda zuwa wancan.

Shugabar ce ta nuna abin da ya faru. A takardar ajin A ya fara layinsa daga 9 ya ƙare a 15, ya baje lambobi bakwai ɗin suka cika faɗin takarda. A ta ajin B ya fara daga 5 ya ƙare a 18, su ma suka cika faɗin takarda. Ke nan tazarar maki ɗaya a takardar farko ta fi ta biyun faɗi, har ajin da makinsa ke dunƙule ya yi kama da wanda ke warwatse.

Kuskure na biyu ya fi wannan girma. A layin ajin B makin da aka samu kaɗai ya rubuta: 5, 6, 7, 8, sai 13, 14, har 18. Tunda babu wanda ya ci 9, 10, 11 ko 12, ya ga babu amfanin ɓata musu wuri. Sai 8 ta zauna kafaɗa da kafaɗa da 13 kamar maƙwabta. Sannan da hannu ya yi ɗigon, wasu manya wasu ƙanana, har tulin ɗigo uku ya kai tsayin na huɗu.

Laraba, mako na 8: zane na biyu

Wannan karon ya ɗauki takarda mai gida-gida, ya ja layi ɗaya daga 0 zuwa 20, kowace lamba da gidanta ko da ba wanda ya ci ta. Ajin A a sama, ajin B a ƙasa, 12 ta wannan daidai saitin 12 ta wancan, kowane ɗigo gida ɗaya. Ga shi nan an kwantar da shi, daga maki 5 zuwa 18:

| Maki | Ajin A | Ajin B |
|---|---|---|
| 5 | | ●● |
| 6 | | ●●● |
| 7 | | ●● |
| 8 | | ● |
| 9 | ● | |
| 10 | ●● | |
| 11 | ●●●● | |
| 12 | ●●●●●● | |
| 13 | ●●●● | ● |
| 14 | ●● | ● |
| 15 | ● | ●● |
| 16 | | ●●●● |
| 17 | | ●●● |
| 18 | | ● |

Ya daɗe yana kallon takardar bai ce komai ba. Daga baya ya sa yatsa a kan 12 ta ajin B, gidan da babu ko ɗigo ɗaya, ya ce wa shugabar, "Wannan yaron nake ta koya wa tun farkon zango, ashe babu shi a ajin."

Suka bi zanen daki-daki. Ajin A tudu ɗaya ne, ƙololuwarsa a 12, yana gangarowa daidai ta ɓangarorin biyu. A irin wannan siffa matsakaici da makin tsakiya sukan haɗu, kuma 12 tana wakiltar yaran da gaske: 14 daga cikin 20 sun ci 11, 12 ko 13. Ajin B tudu biyu ne da fili a tsakani. Yara 8 daga 5 zuwa 8, yara 12 daga 13 zuwa 18, kuma matsakaicin ya faɗa cikin filin. Makin tsakiya ya haura zuwa 14.5 ne kawai don tudun sama ya fi na ƙasa yawan mutane.

Sai suka auna warwatsuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce tazara tsakanin babban maki da ƙarami: ajin A 15 a cire 9, saura 6, ajin B 18 a cire 5, saura 13. Sai dai wannan ma'auni yara biyu kaɗai yake kallo, na can sama da na can ƙasa. Don haka shugabar ta sa ya ƙirga nisan kowane ɗigo daga 12, ya tara, ya raba da 20. A ajin A yara takwas suna nesa da gida ɗaya, huɗu da gida biyu, biyu da gida uku, shida kuwa suna kan 12 ɗin: jimilla 22, matsakaicin nisa 1.1. A ajin B jimillar ta kai 92, matsakaicin nisa 4.6. Fiye da ninki huɗu.

Abu na ƙarshe da suka duba shi ne inda azuzuwan suka shiga juna. Duk ajin A yana tsakanin 9 da 15. Daga ajin B yara 4 kaɗai suka faɗo cikin wannan tsakanin. Takwas suna ƙasa da mafi raunin ajin A, takwas suna sama da gwanin ajin A.

Wani abokin aikinmu da ya leƙo ya ce ai da zanen akwati aka yi, wato akwatin da ke nuna inda rabin yaran da ke tsakiyar jeri suka faɗo, irin wanda John Tukey ya yaɗa a 1977, da an huta da ƙirga ɗigo. Aka gwada. Akwatin ajin B ya miƙe daga 6.5 zuwa 16, da layin tsakiya a 14.5. Ya nuna faɗin warwatsuwar sosai, amma ya rufe filin da ke tsakanin 8 da 13, wanda ya kalle shi zai zaci akwai yara a can.

Alhamis da Juma'a, mako na 8: an sa wa ɗigo suna

Zanen ya nuna akwai yara takwas a ƙasa, bai faɗi abin da ya kai su can ba. Malamin ya ɗauki fensir ya rubuta harafin farko na sunan kowane yaro a gefen ɗigonsa, sannan ya zaro takardun gwajin takwas ɗin ya jera su a tebur.

A takardu bakwai kuskuren iri ɗaya ne. An ce 1/2 a tara da 1/3, sun rubuta 2/5. An ce 1/4 da 2/3, sun rubuta 3/7. Suna tara lambobin sama daban, na ƙasa daban, kamar lissafi biyu ne aka ɗora wani kan wani. Duk malamin lissafi ya san wannan kuskure, ya zama ruwan dare ga yaron da bai riga ya gane cewa 1/2 lamba ɗaya ce mai mazauninta tsakanin 0 da 1 ba. Takarda ta takwas, ta wani yaro mai maki 6, ba ta da wannan kuskure. Yana daidaita lambobin ƙasa yadda ya kamata, amma amsoshin suna fitowa ba daidai ba. Malamin ya lura da haka, ya ajiye takardar tare da sauran, ya ce duk tafiyarsu ɗaya.

Da ya bincika a ofis, ya tarar shida daga cikin takwas ɗin an kawo su ajin B ne a farkon shekara daga wani aji da aka rushe, wanda a bara ya daɗe babu tsayayyen malamin lissafi. Babin da ake fara gabatar da ɓangare a cikinsa ya wuce su.

Mako na 9 zuwa na 11: ƙaramin rukuni

Ya ci gaba da manhaja da ajin B gaba ɗaya. Amma sau uku a mako, a minti 20 na ƙarshen darasi, sai ya ba yara 12 ɗin aiki mai ɗan tsauri su yi bibbiyu, shi kuma ya zauna da takwas ɗin a tebur ɗaya. Zama tara ke nan cikin mako uku.

Zama ukun farko ba a rubuta komai ba. Ya yanko dogayen takardu masu tsayi ɗaya, ya sa suka naɗe wata gida biyu, wata gida uku, wata biyar, wata shida. Ya ce kowa ya ajiye rabi a tebur, ya jona masa sulusi a gaba. Sannan ya ce su ɗauko ta gida biyar su ware biyu, wato amsar da suka saba bayarwa, su shimfiɗa ta ƙarƙashin rabin. Ba ta ko kai tsayin rabin shi kaɗai ba. Yarinyar nan da ta huje takardarta ta kalla ta ce, "Malam, ai raguwa ya yi. Ya za a yi a ƙara wa abu wani abu kuma ya ragu?" Ya ce ta nemo wadda za ta yi daidai. Ta gwada ta gida shida, ta ƙirga: rabi ya ci gida uku, sulusi ya ci biyu. Biyar cikin shida.

Daga zama na huɗu aka koma layin lambobi, ana neman mazaunin 1/4 da 2/3 da 5/6 tsakanin 0 da 1. Sai a zama na bakwai aka dawo ga dokar daidaita lambobin ƙasa, wadda ya shafe darasi goma yana maimaitawa a baya.

An samu tangarɗa a makon farko, wasu 'yan ajin suka fara kiran teburin da sunan tsokana. Ya magance ta da buɗe teburin ga duk wanda ke son zuwa, kuma kusan kullum akan samu ɗaya ko biyu daga cikin gwanayen sun zo naɗe takarda.

Mako na 12: gwaji na biyu

Ya ba azuzuwan biyu sabon gwaji a kan lissafin ɓangare, tambaya 20, tsari irin na farko da lambobi daban. Ya zana ajin B na da da na yanzu a kan layi ɗaya:

| Maki | Ajin B, mako na 4 | Ajin B, mako na 12 |
|---|---|---|
| 5 | ●● | |
| 6 | ●●● | ● |
| 7 | ●● | |
| 8 | ● | ● |
| 9 | | |
| 10 | | ● |
| 11 | | ●● |
| 12 | | ● |
| 13 | ● | ●●● |
| 14 | ● | ●● |
| 15 | ●● | ● |
| 16 | ●●●● | ●●● |
| 17 | ●●● | ●●● |
| 18 | ● | ● |
| 19 | | ● |

Matsakaici ya tashi daga 12 zuwa 13.8. Makin tsakiya ya sauka daga 14.5 zuwa 14. Tazarar babba da ƙarami tana nan a 13, daga 6 zuwa 19. Matsakaicin nisa ya sauka daga 4.6 zuwa 2.7. Masu ƙasa da maki 10 sun ragu daga takwas zuwa biyu.

Tunda yaran ɗaya ne aka gwada sau biyu, shugabar ta ce kallon tulin ɗigo bai isa ba, domin ɗigo ba ya ɗauke da suna, wani na iya hawa wani ya sauko zanen bai canza ba. Sai ya ja kibiya daga tsohon makin kowane yaro zuwa sabo. Takwas ɗin: 5 zuwa 8, 5 zuwa 10, 6 zuwa 11, 6 zuwa 12, 7 zuwa 11, 7 zuwa 13, 8 zuwa 13, sai ɗaya 6 zuwa 6. Jimillarsu ta tashi daga 50 zuwa 84. Sauran 12 ɗin jimillarsu ta matsa daga 190 zuwa 192. A takardu shida cikin bakwai kuskuren 2/5 ya ɓace, mai maki 8 a gwaji na biyun ne kaɗai ya sake yin sa sau biyu.

Ajin A, wanda ba a canza masa komai ba, ya samu matsakaici 12.5, makin tsakiya 12.5, daga 9 zuwa 16, matsakaicin nisa 1.3. Yanzu yara 13 na ajin B suna cikin tsakanin da ajin A ya mamaye, a da kuwa 4 ne.

Abin da za a iya cewa

Matsakaicin 12 bai yi ƙarya ba, lissafinsa daidai ne. Laifin na tsarin da ya ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba ne. Lamba ɗaya tana iya tsayawa a madadin aji idan makin tudu ɗaya ne kamar na ajin A. Idan tudu biyu ne, kowace lamba ɗaya aka zaɓa za ta zalunci wani ɓangare, kuma babu yadda za a san wane iri ake da shi sai an zana. Gwaji na biyu ya ƙara tabbatar da haka: wanda ya dogara da makin tsakiya zai ce ajin B ya ja baya, wanda ya dogara da tazara zai ce ba abin da ya canza, alhali yara shida sun kai maki 10 ko sun wuce.

Darasi goman da aka kashe a mako na 6 da na 7 sun tafi a banza ne saboda an shirya su don yaro mai maki 12, wanda ya ɗan fahimta yana buƙatar maimaici. Masu 16 ba sa buƙata, masu 6 kuwa abin da suka rasa yana can baya da inda aka fara maimaicin. A ganina wannan ce hasara mafi ciwo a lamarin, domin zanen da zai hana ta bai ci minti 15 ba, kuma makin yana cikin rajista tun mako na 5.

Zanen farko ya gaza ne don an karya sharuɗɗan da kwatanci ke tsaye a kansu: layi ɗaya ga rukunin biyu, tazara ɗaya tsakanin lambobi, ɗigo masu girma ɗaya, da barin gidan da babu kowa a buɗe. Gidaje huɗun nan da ya tsallake don tattalin takarda, a cikinsu duk labarin yake. Masu zana wannan da kwamfuta ma su duba, domin manhajoji da yawa kan zaɓa wa kowane zane iyakarsa idan ba a hana su ba.

Game da nasarar ƙaramin rukunin, akwai buƙatar taka-tsantsan. Tun 1886 Francis Galton ya bayyana, a nazarinsa na tsayin iyaye da 'ya'yansu, cewa abin da ya yi nisa da tsakiya a awon farko yakan matso kusa da ita a na biyu. Yaran da aka zaɓa don sun fi kowa ƙarancin maki, wasunsu za su ɗan hau ko ba a yi musu komai ba. Sabawa da tsarin gwajin ma na iya taimakawa, ga ajin A ya ƙaru da rabin maki. Kuma ba a ware wasu daga cikin takwas ɗin an bar su don kwatanci ba, bai ma dace a yi hakan ba. Duk da haka ina ganin yawancin ƙarin na gaske ne. Ƙarin maki 34 tsakanin yara takwas ya wuce 4 ga kowanne, 12 na sama ba su gangaro tsakiya ba, kuma kuskuren da aka nufa kai tsaye shi ne ya ɓace daga takardun.

Ba daidai ba ne kuma a ce yanzu ajin B ya fi ajin A don 13.8 ta fi 12.5. Bambancin 1.3 ne, bai kai rabin matsakaicin nisan ajin B ba, kuma ɗigon azuzuwan sun cakuɗe sosai. Bambancin matsakaici yana da nauyi ne idan ya yi girma a kan warwatsuwar da ke cikin kowane rukuni.

Zanen ɗigo ya dace da wannan lamari ne saboda yaran kaɗan ne, makin kuma cikakkun lambobi ne. Da ɗalibai 500 ne, da sai an tattara makin rukuni-rukuni an yi sanduna. Da kuma wani aji 20 ne wani 35, da tsayin tuli zai ruɗi ido, sai an koma ga kaso. Shugabar sashen ta sa yanzu a riƙa maƙala zanen a bayan fom duk bayan gwaji.

Kuskuren da ya rage shi ne na yaron nan mai maki 6. Zama wuri ɗaya a zane bai sa ciwonsu ya zama ɗaya ba, takardarsa ta nuna haka tun mako na 8, aka gani aka wuce. Ya halarci zama tara ɗin duka yana naɗe takarda a kan abin da ya riga ya sani. A mako na 13 malamin ya zauna da shi shi kaɗai, ya ce ya yi 1/6 da 1/7 da babbar murya. Ya ce lambar ƙasa za ta zama 6 sau 7, ya yi shiru yana motsa yatsu, ya ce 48. Aka gwada 7 sau 8, ya ce 54. Jadawalin ninkawa daga gidan 6 zuwa sama ne bai zauna masa ba. An ba shi kati goma ya riƙa bita da su, malamin kuma yana tambayarsa minti biyar kafin kowane darasi, sun fara da gidan 6.